Abin da Ke Bayan Kunnen Merv

A garinmu, nan arewacin Queensland, ba a tambayar namiji ko ya yi aikin rake. Kunnensa ake duba. Wani an gutsure masa saman kunne, wani da ɗinki a karan hanci, wani goshinsa duk fararen tabo inda likita ya ƙone da feshin sanyin nan nasa. Kakanninmu sun zo Ostareliya da farar fatar da aka yi don ƙasar gajimare, suka tuɓe riga suka shiga rana tsirara, 'ya'yansu suka bi sahu. Sankarar fata ce, amma ƙaramar, wadda ba ta cika kisa ba kuma ba ta yawo cikin jiki, sai dai ta sami wuri guda ta zauna tana ci a hankali. Ta yi yawa har an daina yi wa mutum jaje a kanta. In aka gan ka da filasta, iyaka a ce maka kai ma an taɓa ka, a ci gaba da hirar farashin sukari.

Noelene Hanlon ce mai askin garin, kuma ita kaɗai ce. Ta gaji shagon daga mahaifinta, tsakanin kantin burodi da gidan waya, da kujera ɗaya mai juyawa, da benci, da fankar da ta fi ba da ƙara a kan iska. Gajera ce kakkaura, ba ta da yawan fara'a, ba ta kuma ga dalilin da za ta koya ba. Ta san kawunan mazan garin fiye da matansu, domin matar mutum fuskarsa take kallo, ita kuwa Noelene daga sama da baya take ganinsa. Ta san inda abin yake son fitowa. Hanci ne kan gaba, sai kunne, samansa da bayansa, sai goshi da gefen ido da ƙeya, da tsakiyar kai ga masu sanƙo. Direbobin manyan motoci kuwa kusan kullum ɓangaren dama ne, wanda ke wajen taga, tun da a nan sitiyari a dama yake. Farkonsa ɗan ƙurji ne mai sheƙi kamar ƙwayar dafaffiyar shinkafa, ko ɗan ciwon da zai yi ɓawo ya warke, ya sake fashewa, mutum yana ta ɗora wa reza laifi.

In ta gani ba ta yin dogon bayani. Sai ta ɗora bakin mataji a wurin ta danna.

"Wannan ba nawa ba ne, na likita ne. Kada ka dawo kujerata sai da ɗinki."

Mutum ya yi ta gunaguni, ya ce aiki ya yi masa yawa, amma zai je, don babu wani mai askin. A hankali abin ya zama al'ada, al'adar kuma ta haifi wauta irin ta mutanenmu. Likita yana cewa kowa ya zo a duba shi sau ɗaya a shekara. To wa zai bar gona ya je ya tuɓe daga shi sai gajeren wando a gaban baƙo, alhali aski yana zuwa da dubawa kyauta? Idan Noelene ta gama da kai ba ta ce komai ba, shi ke nan ka haye. Sai ka ji ƙato yana ce wa matarsa ta ƙyale shi, Noelene ta duba shi.

Ba da wannan zafin ta fara ba. Mijinta ne ya koya mata, ba da saninsa ba.

Clarrie direban ɗan jirgin ƙasan nan ne da ke jan rake daga gonaki zuwa injin sukari. Dogo ne mai jan gashi, kyakkyawa, ga kunya kamar sabon ango har ya fara furfura. Ita ta fara ganin ƙurjin a gaban kunnensa na dama, ta gaya masa, ya ce bari a gama yankan rake. Aka gama yanka, damina ta sauka, ya ce bari hanya ta bushe. Hanya ta bushe, aka shiga shuka, kafin ka ce me yanka ya sake zagayowa. Ita kuma a lokacin tana ganin rashin kyautawa ne ta matsa wa mutumin da bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ranar da ya yarda aka je asibiti, abin ya riga ya yi nisa. Aka cire kunnen gaba ɗaya, aka yanko fata daga cinyarsa mai faɗin tafin hannu aka rufe ramin.

Ya dawo gida ya ƙi fita. Noelene ce ta lallashe shi, kuma wannan ne abin da ba ta taɓa yafe wa kanta ba. Ta ce masa rabin garin nan da tabo suke yawo, wa zai kalle shi? Ta sayo masa malafa mai faɗin baki da hannunta, ta karkata masa ita ta rufe bandejin, wata Juma'a da yamma ta riƙe hannunsa suka tafi kulob ɗin manoma.

Kulob ɗin yana da doka tun zamanin iyayenmu: ba a shiga da hula a ka. Akwai ƙararrawar tagulla rataye a gefen kantar sayar da giya, duk wanda aka kama sai a kaɗa masa ita, ya saya wa kowa da ke ɗakin giya. Shugaban kulob ɗin a lokacin Merv Tolhurst ne, mai babbar gona a bakin kogi, mai babbar murya, mai gashi cike da kai da yake ji da shi fiye da taraktarsa. Clarrie bai ko kai ga kujera ba Merv ya kaɗa ƙararrawa. Da ya tsaya a nan, da ba a yi komai ba. Sai ya tako yana dariya, ya sa hannu ya fizge malafar, bandejin da ya manne a jikinta ya biyo ta.

Merv ya leƙa ya duba da kyau.

"Kai, mutumina, wane mai facin taya ne ya yi maka wannan aiki? An ce daga cinya aka ɗebo. Ka tabbata ba su ɗan haura sama ba?"

Aka fashe da dariya, har da masu dukan tebur. Za a ce wasa ne. A garinmu komai wasa ne, musamman in a kan wani ya faɗa. Clarrie ya tsaya jini yana ɗan tsattsafowa yana gangara cikin kwalar rigarsa, ya ciro walat ya ajiye wa Lyle mai kula da kanta, ya sunkuya ya ɗauki malafarsa ya fita. Noelene ba ta bi shi nan take ba. Ta tsaya ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya da kallo, sannan ta fita.

Daga ranar sunan Clarrie ya koma Faci. Bai sake taka kulob ba, bai sake shiga coci ba, ya ajiye aikin jirgin ya koma bayan gida yana renon tumatir tun kafin rana ta fito, in ya ji motsin baƙo ya shige ɗaki. Haka ya ƙarasa shekarunsa har zuciya ta buge shi wata safiya a tsakanin kunyoyin. Merv yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa. Ya yi kuka na gaske, ya tashi a wurin zaman makoki ya ce ba za a sake yin mutumin kirki kamar Facinmu ba. Ko kusa bai san ya yi wani abu ba, kuma wannan ya fi ci wa Noelene rai a kan komai. Wata-wata yana zuwa ya baje a kujerarta, yana kiranta uwar ɗakinsa, tana riƙe da reza a maƙogwaronsa tana aske shi tsaf.

Ana nan, wata rana ta ɗaga gashin da ke bayan kunnensa na dama, sai ga shi. Ɗan ƙurji mai sheƙi a cikin lungun da kunne ya haɗu da kai. Hannunta ya tafi da kansa, bakin mataji ya kusa sauka a wurin. Sai ta tsaya.

Merv ya kalle ta ta madubi. "Yaya, uwar ɗakina, kin tsinci zinariya ne?"

"A rage gefen, ko a bar shi?"

"Bar shi ya rufe kunne. Haka 'yan mata suke so."

Ta taje gashin ta kwantar da shi a kai, ta karkaɗe masa wuya, ta cire masa mayafin. Ya fita yana fito.

Kada wani ya ce ruɗewa ta yi. Noelene ta san abin da ta yi, ta kuma san halin ciwon fiye da duk wanda ba likita ba, tun da a gidanta ta yi karatunsa. Ba ran Merv take so ba. Da ransa take so, ai reza tana hannunta kowane wata. Kunne take so, guda ɗaya, na dama, sannan ya tsaya da kai a buɗe a tsakiyar kulob a kalle shi.

Ta zauna jira, kuma ta iya jira. Kowane wata ta ɗaga gashin ta duba, yadda Clarrie yake duba tumatirinsa. Ƙwayar shinkafa ta zama ƙwayar wake. Tsakiyar ta lotsa, gefen ya tashi. Tana bi da almakashi a hankali don kada ta taɓo shi ya yi jini, ta bar masa gashin wajen ya ƙara tsawo, ta ce masa yayin da ake yi ke nan a birni. A duk tsawon wannan lokaci ba ta fasa danna wa sauran maza mataji ba. Ta kora Lyle asibiti saboda hancinsa, ta kora waɗanda suka daki tebur a ranar, ɗaya bayan ɗaya, suka dawo da ɗinki suna godiya. Ko da gangan ta yi ko ba da gangan ba, duk wanda ta tura yana ƙara wa shirunta nauyi a kunnen Merv. Masu cewa ƙeta tana hana barci ba su san Noelene ba. Ta yi ƙiba a shekarun nan, har an fara jin tana 'yar waƙa in tana shara.

Sau ɗaya kawai ta yi rawa. Glenys, matar Merv, ta shigo wata rana da azahar ba kowa a shagon. Mace ce mai sanyin hali, ita ce ta yi ta kawo wa Noelene abinci a kwano lokacin makoki, ta zauna da ita ba tare da surutu ba. Ta tsaya tana murza hannun jakarta, ta ce tana ganin ɗigon jini a matashin Merv. Ya hana ta dubawa, ya ce ƙafar tabarau ce take gogarsa, ya ce da wani abu ne ai da Noelene ta faɗa. Shi ya sa ta ce bari ta zo ta ji daga bakinta.

Noelene ta jingine tsintsiya. Ta dubi matar nan, ta tuna da kwanukan, maganar ta taho har bakinta.

"Tsoro nake ji, 'yar'uwa," in ji Glenys. "Kada ya je ya zama kamar Faci, Allah ya jiƙansa."

Ba da mugunta ta faɗa ba. Ta manta ne kawai cewa mutumin yana da wani suna. Noelene ta sake ɗaukar tsintsiyarta.

"In tabarau ne, a canza masa tabarau."

Glenys ta yi ajiyar zuciya, ta yi godiya, har ta rungume ta. Aka saya wa Merv sabon tabarau mai siririyar ƙafa.

Abin ya fashe ne ana tsakiyar yanka. Merv yana kan tarakta ya ji ɗumi a wuyansa, ya shafa ya ga jini, aka toshe da tawul ya ƙi tsayawa. Aka wuce da shi babban asibiti a Mackay. Likitocin suka ce ya ci guringuntsi ya shiga cikin ramin kunnen, suka tambaye shi shekara nawa yana yawo da wannan. Suka cire kunnen. Suka yanko fata daga cinyarsa.

Gari ya ɗauka. A kan bencin shagon ana ta mamakin yadda abu ya wuce Noelene, wasu suka ce ai gashin Merv daji ne, wasu suka ce a ɓoye ido ya fara tsufa. Ta bar su da zancensu. Daga bakin Lyle ta ji sauran labarin, yana zaune a kujerarta da kumfa a fuska. Ya ce Merv zai fito ranar Juma'a, kuma 'yan kwamiti sun yi magana a tsakaninsu: zai zo da hula, kowa ya yi kamar bai gani ba. Ya ce ai mutum ya sha wuya, bai kamata a ƙara masa ba.

Reza ta tsaya a hannun Noelene. Ashe sun iya. Ashe tausayin nan yana nan a kulob ɗin tun da can, a ajiye, ana jiran mai babbar gona. Ta ƙarasa askin ba ta yanke shi ba, amma Lyle ya ce daga baya bai taɓa jin hannunta da sanyi haka ba.

Ranar Juma'a ta rufe shago da wuri. Ta yi wanka, ta sa rigar da ta sa a waccan ranar, duk da ta matse ta, ta taka zuwa kulob rana ba ta faɗi ba. Rabonta da ƙofar tun fitar Clarrie. Ɗakin cike yake, ƙanshin soyayyen kifi da dankali ya gauraye da na giya. Merv yana teburin kusurwa da farar malafa a karkace, ya rame, Glenys a gefensa. Kowa yana magana da shi yana kallon tsakiyar fuskarsa da ƙoƙari.

Noelene ta wuce kai tsaye gefen kanta, ta kama igiyar ƙararrawa ta kaɗa. Ba da ƙarfi ba ma.

"Haba, Noelene," in ji Lyle ƙasa-ƙasa. "Don Allah."

"Doka ce ko ba doka ba ce, Lyle?"

Ya sunkuyar da kai yana goge kofin da ya riga ya bushe. Ba wanda ya motsa. Merv ya dube ta, ya yi ɗan murmushin da bai zauna ba, yana jiran ta ce wasa take. Da ya ga ba ta ce ba, ya miƙe a hankali, ya sa hannu biyu ya ɗaga malafar. An aske masa rabin kai. Inda kunne yake a da, sai wata faffaɗar fata ja mai ƙyalli da ɗinki kewaye da ita, da ɗan rami a tsakiya.

Ta tako har gabansa ta duba da kyau, yadda ya duba.

"To, ku yi dariya mana," ta ce wa ɗakin. "Faci ne. Daga cinya aka ɗebo."

Ko tari ba a yi ba. Jinin fuskar Merv ya janye. Ka ga mutum yana tono abin da ya binne da daɗewa, ya same shi, sannan ya sami na biyun a ƙarƙashinsa.

"Kin gani," ya ce, muryar da ƙyar take fita. "Duk shekarun nan kina gani."

"Tun yana kamar ƙwayar shinkafa."

Glenys ta toshe baki da hannu. Noelene ba ta dube ta ba, don ta san in ta duba ba za ta iya ƙarasawa ba. Ta juya ga sauran.

"Sunansa Clarrie. A nan nake tsaye ranar, na ga bakin kowa. Kuma duk wanda ke ɗakin nan, a kujerata yake zama."

Ta koma wajen kantar ta ce Lyle ya zuba mata ƙaramin kofi irin wanda Clarrie yake sha, tun da mai hula ne zai saya. Ta shanye a tsaye, ta ajiye kofin. Kafin ta kai ƙofa hannaye sun fara tashi, wannan yana shafa bayan kunne, wancan yana laluben ƙeya.

Ranar Litinin layin asibitin garin ya fito har bakin titi, ƙarti da takalman gona suna tsaye a rana ana tsakiyar yanka, abin da ba a taɓa gani ba. Gaskiyar magana ita ce Noelene ba ta ɓoye wa kowa komai ba sai Merv. Amma ba ta faɗa ba, ba a kuma sami mai ƙarfin halin tambayarta ba.

Bencinta ya bushe daga ranar. Wasu suna tuƙi har Mackay don aski, wasu matansu ke yi musu a bayan gida, shi ya sa yanzu kawunan garinmu duk a karkace suke. Glenys in ta hango ta sai ta tsallaka titi, kuma wannan kam yana yi wa Noelene ciwo, ba ta musun haka. Duk da haka kowace safiya tana buɗe shago, ta share, ta kunna fanka, ta juya kujerar ta fuskanci titi ta zauna a kai. Idan ɗaya daga cikinsu ya zo wucewa, ba ta gaishe shi, ba ta harare shi. Kunnensa kawai take duba, ta ɗan karkata kai. Mutum ya ƙara sauri, ya daure, ya daure, amma kafin ya wuce kantin burodi hannunsa ya tashi.